Jarida da mujalla a Kindle, zai yiwu kuwa? Don mahaifinmu nake tambaya

MamanIlham

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masu amfani da Kindle ko Kobo ko dai irin na'urorin karatun nan masu allo kamar takarda, shawara nake nema kafin in kashe kuɗi.

Mahaifinmu tsohon hedimasta ne, yana Funtuwa, ni kuma aure ya kawo ni Kaduna. Mutum ne da tun muna yara ba ya karyawa sai da jarida a gefensa, tun zamanin Gaskiya Ta Fi Kwabo da New Nigerian har aka zo kan Daily Trust da Aminiya. To yanzu mai kawo masa jarida ya daina shigowa unguwar, sai an aiki yaro bakin tasha, wata rana a samu wata rana a dawo hannu biyu. Ƙanina ya nuna masa yadda zai karanta a waya amma ba ya jimawa idonsa ya fara ruwa, ga talla tana ta faɗowa, ga yatsa ya ɗan goga wani wuri shafin ya gudu, sai kawai ya ajiye wayar ya ce a bar shi da rediyonsa. Abin yana damuna wallahi don na san karatun nan shi ne abokin hirarsa, tun da ya yi ritaya da shi yake cinye safiya.

Wata ƙawata ce ta nuna min Kindle ɗinta, na ga rubutun ya fito tas kamar a littafi kuma ta ce sai ta yi makonni ba ta sa caji ba, sai na ce to ai ga maganin matsalar Baba. Amma ita littattafai kawai take karantawa, da na tambaye ta jarida ta ce ba ta taɓa gwadawa ba.

Abin da nake son sani shi ne, jarida za ta riƙa shigowa da kanta kullum ne ko sai an saka masa? Akwai wani guruf na WhatsApp da ake turo PDF na jaridun ranar tun da asuba, in na tura masa waɗannan zai iya buɗewa ya karanta? Sannan mujalla mai hotuna fa, tunda na ga allon baƙi da fari ne. Kuma Hausa tana fitowa daidai? Don Baba in ya ga an rubuta ƙasa babu lanƙwasa ransa ɓaci yake yi, tsohon malami ne. A gidan babu wayfai, data ce kawai a waya. Allah ya saka wa duk wanda ya taimaka da alheri.

Dan_Kurna

Wa alaikumussalam Hajiya. Ni dai a ganina kada ki wahalar da kanki, tablet zaki siya masa mai inci 10 kawai a wuce wajen. Kindle na masu karanta novel ne, PDF din jarida in kika bude a ciki wlh ko mai lafiyar ido sai ya kankance ido balle dattijo, kuma in zakiyi zooming sai allon ya tsaya yana kiftawa kafin ya dawo. Tablet kuwa kala ce, akwai mai shan sim, zaiga jaridar yadda take da hotunanta da komai, har BBC Hausa zai kalla a ciki. A kasuwar waya ta Farm Centre a Kano zaki samu na hannu masu kyau, nasan Kaduna ma baza'a rasa ba. Ki rage masa hasken allo ki kunna masa wannan na dare mai ruwan dorawa shikenan. Allah ya karawa Baba lafiya.

Injiniya_Samaru

Wa alaikumus salam Maman Ilham, Allah ya saka miki da wannan kulawa da mahaifi. Ɗan Kurna ya faɗi gaskiya a kan PDF, amma ban yarda da shi ba cewa abin na masu novel ne kawai, ni kullum da safe a Kindle samfurin Paperwhite nake karanta labarai. Sai dai ki fara raba abu biyu a ranki: akwai rubutun jarida, akwai shafin jarida. Na'urar nan gwana ce a kan rubutun, shafin kuwa ba ta iya shi ba. Duk wanda ya saya ya yi da-na-sani a nan ya ruɗe.

Bari in fara da batun shigowa da kanta. Da can akwai wannan, Amazon suna da sashen da za ki yi rajistar jarida ko mujalla ki biya duk wata, ta riƙa sauka a na'ura da kanta da asuba, an tsara ta sashe-sashe. A watan Maris na 2023 suka daina karɓar sabuwar rajista, zuwa Satumba na shekarar suka rufe tsarin gaba ɗaya. Wasu mujallun sun koma cikin Kindle Unlimited, tsarin Amazon na biyan wata-wata don karatu, wanda shi kuma ba a kowace ƙasa ake bayar da shi ba, kuma dama can jaridun Amurka da Turai ne suka cika wurin. Don haka in kin ci karo da tsohon bidiyo a YouTube ana nuna wannan, ki duba shekarar da aka ɗora shi.

PDF kuma ga dalilin da ya sa ba ya yi. PDF hoton shafi ne a daskare, ba ya sake jera kalmomi don ya dace da allo. Shafin jaridunmu faɗinsa wajen santimita 28 ne tsayi kuma ya kai 40, allon ƙaramar Kindle mai inci 6 kuwa wajen santimita 9 ne da 12. Kin ga ke nan an matse shafin ya ragu fiye da sau uku ta kowane gefe, kanun labari kawai zai iya gani, jikin labarin ya zama ɗige-ɗige. Sai an zuƙo, kuma jarida layi-layi take a tsaye, ka gama wannan ka ja ƙasa, ka koma sama ka ja gefe, ga "ci gaba a shafi na 5". A waya wannan jan ba komai ba ne, amma allon E Ink ba fitila ba ce mai kunna hoto, wasu ƙananan ƙwayoyi ne baƙaƙe da farare a cikin ruwa da lantarki ke turawa sama ko ƙasa, sai sun motsa a zahiri kafin hoto ya sauya. Shi ya sa ba ya cin batir sai lokacin juya shafi, shi ya sa ake karanta shi a tsakar rana tas, kuma shi ya sa yake da nawa in ana ja ana zuƙowa, har ya bar inuwar shafin baya. Alherinsa da aibinsa tushensu ɗaya. Ko Paperwhite ta 2024 mai inci 7 ba ta raba wannan gardama ba. Kindle Scribe mai inci 10.2 ta fi dama-dama a mujalla mai girman A4, amma kuɗinta ya ninka na Paperwhite fiye da sau biyu kuma cikakken shafin jarida har yanzu ya fi ƙarfinta.

To ni yaya nake yi? Akwai manhajar kwamfuta kyauta sunanta Calibre, wani ɗan Indiya Kovid Goyal ya fara ta tun 2006. A cikinta akwai maɓallin da aka rubuta Fetch news. Aikinsa shi ne ya shiga shafin jarida na intanet, ya kwaso labaran ranar, ya zubar da talla da tarkacen gefe, ya ɗinke su su zama littafi guda mai jerin kanu a farko. Manyan jaridun duniya da yawa an riga an shirya su a ciki sai dai ki zaɓa. Namu na Hausa kuma da hannu ake ƙara su, ki ba shi adireshin RSS na shafin, wato adireshin da ke jera sabbin labaran da aka ɗora. BBC Hausa suna da shi, kuma duk shafin da aka gina da WordPress, wanda jaridunmu da dama da shi suke aiki, in kika ƙara /feed a ƙarshen adireshin yawanci zai fito. Za ki iya haɗa shafuka huɗu ko biyar a fayil ɗaya, ki ce masa kada ya ɗauko labarin da ya wuce kwana ɗaya, ki sa masa lokaci misali ƙarfe shida na safe.

Abin da ya fito ɗin nan shi ne ainihin abin da na'urar ta iya. Baba zai ƙara girman rubutu yadda idonsa ke so, ya ƙara masa kauri, kalmomi su sake jeruwa da kansu, taɓa gefen dama kawai zai riƙa yi shafi na juyawa. Babu talla, babu saƙon da zai faɗo, babu inda zai ɓata. Hasken kuma ba daga baya yake dukan ido ba kamar waya, ƙananan fitilu ne a bakin allon suna haska saman shafin, da rana ma sai ya kashe shi gaba ɗaya.

Kai wa na'urar kuma hanya biyu ce, ko ta igiyar USB ko ta imel. Kowace Kindle da aka yi wa rajista tana da adireshin imel nata, duk fayil ɗin da aka tura can zai sauka da zarar ta ga intanet, kuma tun 2022 tana karɓar EPUB, wato wani nau'in fayil na littafi, ta wannan hanya. Calibre na iya turawa da kansa bayan ya gama haɗawa. Wato kina Kaduna kwamfutarki ta haɗa jarida ta aika, Baba yana Funtuwa ya farka ya tarar.

Amma kada in ɓoye miki, dole kwamfutar ta kasance a kunne da data a lokacin da kika sa, Calibre kuma a buɗe. In babu wuta ko kin yi tafiya, ranar babu jarida. Sannan in wata jarida ta sauya fasalin shafinta sai ki ga fayil ya zo kanu kawai babu jiki, sai an zauna an gyara. Ba abin da za a saita sau ɗaya a manta ba ne, wani ne zai ɗauki nauyinsa, don haka ki tambayi kanki ko ke ko ƙanin naki akwai mai wannan juriyar kafin ki sayi komai.

MamanIlham

Kai, Injiniya Allah ya biya ka, ka buɗe min ido sosai, da tuni na saya na loda masa PDF. Laptop ina da ita ta wurin aiki kuma muna da sola a gida, kunna ta da asuba ba zai gagare ni ba in sha Allahu. Ɗan Kurna na gode, tablet ɗin ma na yi tunaninta, abin da ya sa nake ja da baya shi ne hasken ne dai yake damunsa a waya kuma ina tsoron a maimaita, ga jikoki a gidan in suka ga abu mai kala da gem ba zai ƙara ganinta ba. Saura batun haruffan Hausa da kuma yadda za ta samu intanet tunda ba ta shan sim, ko tana sha?

Ɗan Maraɗi

Salamu alaikum, gaisuwa daga Nijar. Hajiya ni Kobo gare ni, wani ɗan uwa ya taho mini da ita daga Faransa, can a shagunan Fnac ake saida su. Bari in amsa miki zancen haruffa don na san shi.

Ba na'urar ba ce ke da matsala da Hausa, salon rubutun da aka zaɓa ne. Wasu salon ba a zana musu ƙ da ɗ da ɓ ba, balle ƴ da mu muke rubutawa a nan inda ku kuke sa 'y. In harafin babu shi, ko dai ki ga ɗan akwati a wurinsa, ko na'urar ta aro shi daga wani salon sai ki gan shi ya fi sauran girma ko siranta a tsakiyar kalma, mai karatu da lura kamar Baba zai gani nan take. Maganin mai sauƙi ne. Ki sauko da Charis SIL ko Andika ko Noto Serif, duka kyauta ne kuma suna da haruffanmu cikakku manya da ƙanana. Ki haɗa na'urar da kwamfuta, ki zuba su cikin jakar da ake kira fonts, a Kobo ke za ki ƙirƙiri jakar da kanki, a Kindle kuma tun 2018 suka yarda da wannan. Sai ki buɗe littafi ki zaɓe shi. Ga dattijo ni Andika zan ce, don masu koyon karatu aka yi shi, haruffan a buɗe suke ba sa kama da juna. Sai dai ki sani in jaridar ce da kanta ta rubuta babu lanƙwasa a shafinta to haka zai zo, na'ura ba ta gyara wannan.

Ni hanyata ta bambanta da ta Injiniya, ban da kwamfuta a kunne kullum, kuran ɗinmu, wato wutar lantarki, ba ya ba da wannan damar. Da rana in na ga labari mai tsawo a salula, na RFI Hausa ko DW ko wani sharhi a Le Sahel, ba na karantawa a nan, sai in adana shi, da dare in kunna wa Kobo intanet ta kwaso su duka in karanta a tsanake. Da can da wata manhajar adana labarai mai suna Pocket ake wannan, Mozilla suka rufe shi a watan Yuli na 2025, Kobo suka maye gurbinsa da Instapaper, aikin dai iri ɗaya ne. Abin da ya sa na kawo wannan, ke ma za ki iya zama mai zaɓar wa Baba. In Kobo kika saya masa, ki buɗe asusun Instapaper, ki sa shi a na'urarsa, duk abin da kika adana daga wayarki a Kaduna shi zai gani. Kin fi kowa sanin abin da yake so, siyasa ce ko noma ko sharhin ƙarshen mako. Aibinsa dai, abin da kika zaɓa kawai zai gani, mai karatun jarida kuma yana son ya yi kiwo da kansa ya ci karo da abin da bai nema ba.

Abu biyu da ba a faɗa wa mutanenmu. Na farko zafi, Amazon da kansu sun rubuta cewa daga digiri 0 zuwa 35 aka yi na'urar ta yi aiki, mu kuwa a watan Afrilu muna wuce 40 a inuwa. Tana aiki, amma kada a bar ta a mota ko a kan tabarma rana na dukanta, batir ne ke lalacewa. Na biyu allon, a ƙarƙashinsa gilashi ne siriri ƙwarai, ba sai ta faɗi ba, in aka sa ta a aljihun babbar riga aka zauna a kai ko aka danne ta cikin jaka ya tsage daga ciki, rabin shafi ya daskare. Ki saya mata riga mai murfi mai tauri tun ranar farko.

Tsohon_Edita

Na karanta duk abin da aka faɗa kuma na ƙaru, amma 'yata ki ba ni dama in taɓo wani gefe da ba a taɓa ba, ni na yi shekaru a ɗakin labarai kafin in ajiye.

PDF ɗin nan da ake rabawa a WhatsApp da asuba, mutum ɗaya ne ya biya ko ya samo ta bayan gida, dubbai suna karantawa kyauta. Na san ba da mugun nufi kike karɓa ba, yawancin mutane ma ba su ɗauke shi komai ba. Amma takardar da ake buga jarida daga waje ake shigo da ita da dala, masana'antar da aka gina don ita a Oku Iboku ta Akwa Ibom tun shekarun 1990 ta tsaya, ga dizal ga kuɗin mota zuwa garuruwa. Shi ya sa ake rage yawan bugu, shi ya sa ba ta isa gari kamar da, shi ya sa mai kawo wa Baba ya ga abin ba ya biyansa ya nemi wata sana'ar. Duk zare ɗaya ne. Jaridar Hausa kuma ta fi shan wuya don masu talla ba sa rububinta. Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara a 1939 da Abubakar Imam, wadda ta koya wa iyayenmu karatun boko a zaure, yau ina take a teburin mai jarida? Aminiya tun 2006 take fitowa, in muna so jikokinmu su same ta sai wani ya biya.

Hanyar Injiniya ba sata ba ce, abin da suka saka kyauta a shafinsu ake ɗaukowa, amma ita ma tana cire tallar da suke ɗan samu da ita. Don haka roƙona, in kin bi ta, ki yi rajistar biya ko da guda ɗaya ce da sunan Baba. Daily Trust suna da bugun intanet na biya, ko ba a Kindle zai karanta ba ku buɗe masa a laptop in kun je. Kuma ranar da Aminiya ta fito a ci gaba da aiken yaron nan tasha, sau ɗaya a mako ba wahala ba ce.

Sannan ki shirya wa abin da zai rasa, don zai faɗa miki. Wanda ya shekara hamsin yana karanta jarida ba labari kawai yake karantawa ba, shafi yake karantawa. Girman kanu da inda aka ajiye shi yana gaya masa abin da edita ya ɗauka da nauyi, abin da aka tura can ciki ƙasan shafi shi ma magana ce. A jerin da kwamfuta za ta haɗa duk labarai tsayinsu ɗaya, na ƙarshen shigowa shi ne a sama, labarin majalisa da na ɗan wasan da ya sayi mota suna kafaɗa da kafaɗa. Babu shafin ta'aziyya da sanarwar rasuwa, wanda dattawa da shi suke sanin abokin aikinsu na da ya riga mu gidan gaskiya. Babu zanen barkwanci, babu sanarwar gwamnati, kuma wani sharhin a takarda kawai yake fitowa ko a makara kafin a ɗora shi. Ban ce kada ki saya ba, idon da ke ruwa ba a yi masa gardama, kuma rubutu babba da ba ya ƙyalli alheri ne ga irinmu. Ina dai so ki gabatar masa da ita a matsayin ƙari, kada ki ce masa ga madadin jaridarka.

Dan_Kurna

Baba Edita Allah ya kara girma, maganarka ta shigeni gaskiya, kuma ai ita ce hujjata ma, duk abinda ka lissafa a tablet yana nan tunda shafin ne gaba daya. Amma na yarda da zancen ido da na jikoki, wannan kam Hajiya tafi mu sanin gidansu. Tambayata ga Injiniya, naga yanzu akwai masu kala, Kindle Colorsoft da Kobo Libra Colour, wadannan basu magance zancen mujalla ba? Sannan akwai Boox da akace Android ce a ciki harda Play Store, inaga ai da ita mutum zai sa app din jaridar kai tsaye ba sai anbi ta laptop ba, ko ya kake gani

Injiniya_Samaru

Ɗan Kurna masu kalar duka a 2024 suka fito kuma duka inci 7 ne, ka ga matsalar girman shafi tana nan inda take. Kalar ma ba irin ta waya ba ce, wani siririn mataci ne mai launi aka shimfiɗa a kan allon baƙi da farin, launuka wajen 4,096 yake bayarwa, a kwance kamar an wanke, kuma kaifin hoto mai kala rabin na baƙi da fari ne, ɗigo 150 a inci maimakon 300. Wannan shimfiɗar tana sa farin shafin ya ɗan yi duhu sai an ƙara haske. Ga mai matsalar ido wannan koma baya ne, ga shi Colorsoft ta fito a dala 280 Paperwhite kuma 160. Mujallar da hoto ne jarinta, ta kwalliya ko ta fim, tablet ko takarda. Wadda rubutu ne jarinta, ta sharhi da dogon rahoto, baƙi da fari ya ishe ta.

Boox gaskiya ne Android ce, mai inci 10 ɗinsu tana buɗe PDF fiye da kowace Kindle kuma za ka sa manhajar karanta jaridu ta PressReader ko burauza. Ga matashi mai son taɓe-taɓe tana da daɗi. Amma manhajojin waya ba don wannan allon aka yi su ba, sai ka yi ta saita yadda zai riƙa wartsakewa, batirinta kuma ba ya kai na Kindle, sannan duk ruɗanin da ya kori Baba daga waya ya dawo. Ba zan ba dattijo ita ba.

Maman Ilham, sim kam a'a, ki ɗauka wayfai ce kawai. Amma ba sai an ja layi gidan ba, ƙaninki ya kunna hotspot a wayarsa ya haɗa su sau ɗaya, za ta riƙe sunan da lambar sirrin, daga nan kullum da safe ya kunna na minti biyu fayil ya sauka ya kashe. In na'urar ta ƙi ganin hotspot ɗin ya duba ko wayar tana kan 5GHz ya mayar da ita 2.4, tsofaffin Kindle wannan kawai suke gani. Data ba ta da yawa, rubutu ne, in ma kin rage hotuna a Calibre sai ya ƙara sauƙi, iyakar abin da imel ɗin ke ɗauka MB 50 ne kuma jaridar yini ba ta kusantar nan. Kada ki manta ki shiga asusun Amazon ki sa adireshin imel ɗin da za ki riƙa turowa da shi cikin waɗanda aka amince da su, in ba haka ba saƙon ba zai shiga ba. Da asusunki za ki yi mata rajista don ki riƙa sarrafa komai daga nan. Tsofaffin fitowa kuma taruwa suke yi, duk ƙarshen mako a goge su, in ba haka ba zai buɗe ta shekaranjiya yana zaton ta yau ce.

In ta hannu za ki saya, ki yi mata rajista a gaban mai shagon kafin ki biya, don wadda aka kai rahoton ɓatanta ba ta karɓar rajista kuma in babu rajista babu imel. Ki buɗe farin shafi ki ƙure haske ki duba ko akwai tabo ko layi, kuma ki guji waɗanda suka tsufa sosai marasa fitila. Paperwhite ta 2021 mai inci 6.8 ta isa, tana da haske mai ruwan ɗorawa kuma cajarta USB-C ce irin ta wayoyin yanzu.

Kafin duk wannan, tunda ƙawarki tana da ita, ki sauke Calibre yau ki haɗa fitowa ɗaya ta gwaji, ki roƙe ta aron na'urar zuwa ƙarshen mako ki kai wa Baba ya riƙe da hannunsa, ki sa masa rubutun a babba ki ga ko idon zai yi ruwa. In kin maƙale wajen saka adireshin RSS ɗin ki rubuto sunayen jaridun da yake so a nan, zan duba waɗanda ke fitowa da cikakken labari in gaya miki.